Jan Akwatin da Malam Sanusi Ya Bari

Malama Hassi, aje tiren nan, don Allah zo ki zauna kusa da ni yanzu, ba an jima ba. Ɗauko biro da takarda. Ku ma mata ku matso, ku rage surutu, ina so ku zama shaida. In magana ta zo a karkace ki yi haƙuri, ke dai rubuta wada nic ce, kada ki gyara mini. Ni ce Kulu, wadda kuke ce ma Inna, mutuniyar bayan Zurmi da gudun 'yan bindiga ya kawo Kaura. Ban taɓa shiga aji ba. Zan yi maganar Malam Sanusi malamin gona, wanda muke zaman makokinshi yau kwana bakwai. Kuma zan yi maganar takardarshi, don jibi za a raba ta a Kasuwar Daji, ga shi an cire mata abin da ke tsare ran yara.

Ina tsakar gida da hantsi ina tsince wake, sai ga ƙanwar Zulai matarshi ta shigo ba sallama, mayafi a hannu. Tac ce, "Inna, Malam ya cika." Nic ce wane Malam. Na san wanda take nufi sarai, bakina ne yaƙ ƙi. Ashe ya dawo daga Shinkafi da ciwon kai, yac ce bari shi ɗan kishingiɗa, daga nan sai asibiti, daga asibiti sai gawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Waken nan har yau ban san wanda yak kwashe shi ba.

Bari in gaya muku wada munka haɗu. Shekarar da munka gudo an ƙone rumbunanmu, abin da munka tsira da shi buhu ukku ne na wake. Ɗaki guda anka ba mu, mu da buhunan, to ina za mu kai su? Ɗana yas sawo ƙwayar nan ta kasuwa da ake sa ma hatsi don ƙwari, wadda suke ce ma bom, yas sa cikin buhunan yaɗ ɗaure. Ba wanda yag gaya muna iskarta na kisa. Mu manya munka tashi da amai da jiri. Jikata Ruma, 'yar shekara huɗu, ba ta tashi ba.

Malam Sanusi bai san mu ba, labari yaj ji yaz zo gaisuwa. Kowa yaz zo cewa yake kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Shi ma ya faɗi haka. Amma sai yaz zauna ƙasa, da farar rigarshi, yana tambayata ina buhun yake, ina tabarmar yarinyar take, taga a rufe ko a buɗe. Na ji haushinshi ranar. Nic ce, "Yaro, gaisuwa kaz zo ko shari'a?" Yac ce, "Inna, ki gafarce ni. Rabin mutanen da sunka gudo garin nan da buhu suke kwana. So nike wagga ta zama ta ƙarshe."

Bayan arba'in yad dawo da keke napep yak kai ni ofishinsu. Can nig ga kwamfuta ido da ido. Littattafai yake haɗawa na yadda ake aje amfanin gona, na wake daban, na gero daban, na dawa, na masara, na gyaɗa. Ni da nike zato rubutu duk kamar wasiƙa ne, a fara daga sama a sauka ƙasa. Yac ce a'a, a wanga injin kowane abu da ɗakinshi. Kayan da za ka tanada, ɗakinsu daban. Abin da za ka yi, ɗaya bayan ɗaya, ɗakinshi daban, in ka cusa wani a tsakiya sai lambobin su gyara kansu. Gargaɗi kuma wuri guda yake zaune. Da yag ga ban gane ba sai yac ce, "Inna, gishirinki ƙwarya nawa ne?" Nic ce guda. Yac ce, "Ta kuka da ta kuɓewa duk daga nan kike ɗiba?" Nic ce to daga ina. Yac ce, "Haka gargaɗin yake. Sau ɗaya na rubuta shi, kowane littahi daga nan yake ɗiba. In na gyara shi can, ya gyaru ko'ina." Malama, ja layi ƙarƙashin wannan, za mu dawo kanshi.

Yak karanta mini gargaɗin da ya rubuta. Hausa ce, amma irin ta rediyo, mai tsawo, da wasu kalmomi na asibiti. Nic ce ban gane ba. Yas share. Yas sake, nic ce har yanzu kamar da wani kake ba ni ba. Yas share. Abokan aikinshi na dariya, wani yac ce Malam ya samo farfesa daga daji. Bai ɗago kai ba yac ce, "In Inna ba ta gane ba, ban rubuta komi ba." Daga ranar Farfesa yake kirana, ko a hanya munka haɗu, ni ko in ce mishi ɗalibina mai taurin kai. A ƙarshe yac ce in faɗa da bakina, kamar ina gaya ma maƙwabciya ta kan katanga. Nic ce: kada a kwana ɗaki ɗaya da buhun da anka sa ma ƙwaya, ba sai an taɓa ta ba, iskarta ke kisa, kuma yara take fara ɗauka. Haka yar rubuta, bai ƙara ba bai rage ba. Yak kewaye shi da jan layi kamar akwati, yas sa hoton tabarma da buhu da gicciye a kai don irina da ba mu karatu, yak kai shi can sama. Yac ce, "Abin da ke kisa sama ake aza shi. Ƙasan takarda shi ake yagewa a naɗe ƙosai."

Kuma yas sa ma injin doka. Duk littahin da anka ambaci ƙwayar nan ba jan akwati, in an zo hitar da shi sai injin ya tsaya ya yi ƙorahi. Ya gwada a gabana. Nic ce ashe abin nan ya hi wasu mutane kunya.

Wata rana na miƙe zan tashi, gwiwa tak kasa, nid dafa kan madannan kwamfutar da tahin hannuna. Rubutun duk yaɓ ɓace. Na ɗora hannu a ka, na ce na kashe aikin bawan Allah na wata da watanni. Shi ko dariya har da hawaye. Yac ce, "Farfesa, zauna. Wanga abu ba ya mantuwa. Duk abin da anka taɓa yana aje da shi, da ranar, da sunan wanda yat taɓa." Yab buɗe wani wuri, yak koma na jiya, sai ga rubutu ya dawo tsab. Yas sa anka sawo mini fura don in huce. Haka yake. Ban taɓa ganin ya kunyata wanda bai sani ba. Wanda ya sani yaƙ ƙi yi, wannan kam suna kwasa da shi.

Ba mai kuɗi ba ne, kun sani. Babur ɗinshi sai an tura. Amma har Moriki yake zuwa da takardun nan cikin leda, a hanyar da masu manyan motoci ke tsoro, ya tsaya bakin masallaci ya karanta ma maza, ya ba matan unguwa su liƙa a zaure. Zulai tana nan, ta ce sau nawa tana riƙe mishi riga kada ya tahi. Sai ya ce mata kaka ba ta jiran hanya ta yi lahiya.

To ga abin da yah hana ni cin abinci tun jiya. An buga sabbin takardu na kakar bana. Maƙwabciyata mai shara a ofishin tak kawo mini ukku tun ba a raba ba, don ta san ina son ganinsu, ta wake da ta gero da ta masara. Ban iya karatu ba, amma na san ja. Na juya gaba na juya baya, babu akwatin. Hoton ƙwayar yana nan, da hannu yana sa ta a buhu. Tabarmar ce babu.

Nis sa mayahina nit tahi ofishin da ƙahwata. Wanda anka ba kujerar Malam, Lawali sunanshi, yana zaune gaban kwamfutar. Nid durƙusa nig gaishe shi, ko da na haihi wanda yag girme shi. Nic ce, "Malam, an manta da jan akwati." Yac ce, "Inna, yaushe kinka fara karatu?" Na kusa da shi sunka yi dariya. Nic ce, "Ranar da nib binne jikata." Lawali yac ce ba mantuwa ba ce, takardar wake ce tay yi tsawo, ana son ta shiga shahi guda, akwatin ya cinye wuri, kuma yana tsorata mutane. Daga ta wake kaɗai yac cire, sauran suna nan lahiya. Nic ce, "Injin bai yi ƙorahi ba?" Yac ce ya yi, amma shi yad danna mishi ya wuce, bai tsaya karanta ƙorahin ba. Sai nim miƙa mishi ta gero da ta masara.

Mata, na ga huskar yaron nan ta canza. Bai sani ba. Ya zaci gishirin miya guda ya rage, ashe ƙwaryar ya kifar. Nic ce mishi, "Kada ka damu, ɗana, abin ba ya mantuwa. Buɗe wurin da yake aje na da, ka koma ranar da Malam ke da rai, zai dawo. Na gani da idona." Da ya ce to, wallahi da ba ku ji wagga magana daga bakina ba. Amma sai yad dubi tulin takardun da anka riga anka buga, ɗaure-ɗaure har kusa da taga, yad dubi ƙofar maigidansu. Yas sassauta murya yac ce a bari sai bugu na gaba, waɗanga jibi za su tahi kasuwa. Yac ce, "Ki je gida, Inna, kada ki tada magana. Ki tuna ɗakin wa kike ciki."

Ɗakin da muke ciki na kawunshi ne. Ɗana da yaj ji, cewa yay yi in rufa mishi asiri in yi shiru, in an kore mu ina za mu. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nike ji. Na bar gida sau ɗaya da zane guda a jikina, ba na son in sake, ga gwiwa ba ta da kirki. Tun jiya ko an buga ƙofa sai gabana ya faɗi. Amma bugu na gaba sai baɗi, wake ko yanzu ake ɗaure shi. Takarda ce ke gaya ma mutum sa ƙwaya kaza a buhu kaza, da tambarin ofis a kai, ba ta ce mishi hitar da buhun daga ɗaki ba. Gara ma babu takardar sam. In kawunshi zai kore ni, ya zo ya same ni, tabarmata guda ce, ba ta da wuyar naɗewa. Ban yi shiru ba, kuma ba zan yi ba. Malama, rubuta sunana a ƙasa, kawo tawada in dangwala.

Ban ce Lawali mugu ne ba, kada wata ta kai mishi haka. Kuskure yay yi irin wanda nay yi da tahin hannuna, kunya ce tah hana shi gyarawa. A gaya mishi Inna ta ce ƙofar gyara a buɗe take, minti biyu ne aikin. A gaya ma maigidansu kada ɗauri ko guda ya hita jibi. In kuma sun ce sai sun raba, to ni zan riga su zuwa Kasuwar Daji, in zauna kusa da masu awon wake, duk wanda yak karɓi takarda in gaya mishi da baki abin da anka cire. Wadda ke da ƙahwa cikinku ta biyo ni.

Allah Ya jiƙan Malam Sanusi. Allah Ya gafarta mishi abin da munka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata kabarinshi, Ya haskaka shi. Duk yaron da yak kwana lahiya saboda takardarshi, Allah Ya sa a mizaninshi. Zulai, ɗiyata, ɗago kanki. Allah Ya ba ki haƙuri mai kyau, Ya raya miki yaran nan huɗu, Ya sa su gaji halin ubansu, kada Ya bar ku ga hannun wanda ba ya tausayi. Mahaihiyarshi da ke kwance ciki, Allah Ya sanyaya zuciyarta. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Malama, kada ki rufe biron, saura guda. Ofis na iya jira zuwa la'asar. Maƙwabciyar nan tawa ta ce takardun ba ukku kaɗai tas samo ba, ta ba Asabe ɗiyar ƙanena ta wake guda shekaranjiya, da taz zo daga Moriki sayen buhu, kuma ta ga ƙwayar ƙulle a bakin zanenta. Asabe ɗaki guda gare ta, yara biyar, na goye bai yi wata shida ba. Wa ke da lambar mijinta, Garba mai faci na bakin tasha? A kira shi yanzu ina zaune. Asabe za a fara gaya ma.