Abin da Robar Ta Rufe

Mai Faci maƙwabcina ne a bakin titi. Ina ɗinkin takalma, yana gyaran taya, katako ɗaya ne ya raba rumfarmu, kuma tun gashinmu yana baƙi muke zaune a nan. Mutum ne da bai iya zubar da abu ba. Robar cikin taya in ta ƙi facuwa, sai ya yanka ta ya yi wa mata guga, ya yi wa masu babur maɗauri. Har tsokanarsa muke yi, wai ranar da haƙorinsa ya faɗi da roba zai mayar.

'Yarsa ta fari tana auren wani mai amalanken jaki da ake kira Dogo, mai kai yashi gidan bulo. Dogo yana da ladabi, har ƙasa yake gaida surukinsa. Sai dai yana lodi kamar da mota yake aiki, sanda kuma ba ta barin hannunsa.

Wata rana ya tsaya ƙarin iska, ya ce, "Baba, igiyar ƙirjin nan tana ɗan cin jakin. Ko za a samu roba in sa masa a ƙasa?"

Mai Faci ya ji daɗi an nemi gwanintarsa. Ya yanko mai faɗi, ya goge gefenta, ya huda ta, ya miƙa. Bai tashi ya duba jakin ba. Shi kullum idonsa a kan taya yake.

Roba kuwa ba ta barin iska ta shiga. Rana ta buga, gumi ya taru, ciwo yana ci a ƙasa ba mai gani. Mai kanti na kusa da mu ne ya fara magana: "Mai Faci, jakin surukinka wari yake fa. Ko gam ya kashe maka hanci?" Aka yi dariya. Shi bai yi ba, amma ya bar maganar a nan, don yana jin nauyin tare mijin 'yarsa a titi.

Ranar da abin ya faru da tsakar rana ne. Jakin ya durƙushe daidai rumfarmu, Dogo ya hau shi da duka. Mai Faci ya tashi, bai ɗaga murya ba.

"Ya isa, Dogo. Sauke yashin."

Muka sauke, muka ja dabbar inuwa, aka ba ta ruwa. Da Mai Faci ya ɗaga robar sai ta taso da fata. Ƙarƙashinta gyambo ne kamar tafin hannu, tsutsa na motsi a ciki. Ya tsaya riƙe da ita, yana kallon hujin da ya yi da hannunsa.

Ya ce wa mai kanti ya ɗauki hoto da wayarsa: ciwon, shatin sandar, da tulin yashin.

Mai kanti ya ce, "Ka san ƙarar wa za ka kai kuwa?"

"Na sani. Ni na ba shi 'ya."

Na raka shi ofishin kula da dabbobi. Likitar da muka tarar ta ce ya faɗi abin da ya gani da idonsa kawai, a ina, kuma tun yaushe, kada ya ƙara kada ya rage. Ya faɗa. Ta duba hotunan, ta ce, "Wa ya sa masa roba a kan ciwo?"

Ya cire hularsa ya mayar. "Ni na yanka."

"Mai jakin fa?"

"Surukina ne."

Ba ta yi masa faɗa ba, ni kuwa na ga da ta yi da ya fi masa sauƙi. Suka zo da mota suka ɗauke jakin don magani, suka gargaɗi Dogo cewa in ya sake, sai ya rasa shi gaba ɗaya.

Dogo ya canza hanya, ya daina bi ta gaban rumfarmu. 'Yar ta zo da kanta, ta tsaya a bakin rumfa ta ƙi zama.

"Baba, da gida ka kira shi."

"Da gida na kira shi, da jakin ya mutu muna ta gaisawa."

Ta juya. Shi kuwa Mai Faci ranar bai iya cin abinci ba.

An kwana biyu, sai ga Dogo yana jan amalanken da kansa, taya ɗaya a sace, gumi har ido. Ya durƙusa.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya. Ina jakin?"

"An dawo da shi. An ce kada a ɗaura masa komai sai fata ta rufe."

Mai Faci ya kwance tayar, ya zaro robar cikinta, ya yi mata iska ya tsoma a bahon ruwa.

"In ya warke ka kawo min shi in gani. Shi fa, ba tayar ba."

"To, Baba."

Duk su biyun suka sunkuya a kan bahon suna neman inda kumfa ke fita, ba wanda ya ɗago ya dubi wani.