Allunan Ajin Madam Rahinatu

Rahinatu 'yar Alƙasim tana koyar da yara a wani ƙauye da ke bayan duwatsun Buza. Ajinta na zana ne, kowace damina iska ta kwashe shi, iyaye su sake kafawa. Uwarta na cikin matan da suka yi dakon duwatsu a Keita, lokacin da ake tare ruwa a kan fako. Na san Rahinatu tun tana ƙarama. Ba ta da yawan magana, amma ba a cika juya ta daga inda ta nufa ba.

Yaranta da allo da alli suke aiki, takarda sai ranar jarrabawa. Tsarin ajin kuwa ɗaya ne: in Madam ta buga tebur, kowa ya ɗaga allonsa sama ta duba, in ta sake bugawa, kowa ya goge. Hannuwansu sun saba har ba sa jiran tunani.

Bara wani kamfani ya kawo motoci masu tafiya da wutar hasken rana, don ɗaukar albasa daga fadamu zuwa Madawa. Ba hayaƙi, ba ƙara. Kamfanin ya ce 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ne za su zana alamar da za a sa a jikin motocin. Aka raba takardu da fensir masu launi, amma kwalin ya ƙare a makarantun cikin gari. A kasuwa Rahinatu ta ji labarin.

Ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Ta sa yaranta suka yi zanensu a allo, ta jera allunan a kwando da kara a tsakaninsu don kada su gogi juna, ta ari amalanke, suka tafi Buza ranar zaɓen zane.

Wakilin kamfanin, wani saurayi mai suna Mahamud, ya leƙa kwandon.

"Madam, a takarda muka ce."

"Wace takarda, Mushe? Wadda ba ta zo ba?" in ji Rahinatu, tana kiran sa Mushe yadda ake kiran malamai maza a lakwal.

Ya sosa ƙeya, ya ce su ɗauki allunansu su tsaya a baya. Filin makarantar da ake zaɓen ya cika da hayaniya, sai ya buga tebur don a yi shiru. Nan take allunan baya suka tashi sama. Yaran gari suka kwashe da dariya. Mahamud ya fusata, ya sake buga teburin da ƙarfi.

Rahinatu ta ce, "Kada!" Amma hannuwa sun riga ta. Wasu da tafi, wasu da bakin riga. Babu allon da ya tsira. Aziza, wadda ta fi kowa ɓata lokaci a kan nata, ta dubi allon, ta fashe da kuka.

Mahamud ya ce, "Ayya, ku yi haƙuri. Sai wani karo."

"Kai ka goge su, Mushe. Ba mu tahiya sai an ga aikin ɗiyan nan."

Ɗaya daga cikin motocin na tsaye a gindin bishiyar bedi, fentinta kore shar. Rahinatu ta kwance bakin zanenta, ta raba wa yaran alli, ta nuna motar da haɓa. Tasi'u direba ya taso da gudu.

"Haba Madam, fentin ga sabo na!"

"Alli na, ɗan'uwa, ruwa na wanke shi. Ko motar taku, ban da mai, ruwan ma ba ta so?"

Mutane suka yi dariya. Tasi'u ya dubi Mahamud, Mahamud ya dubi ƙasa. Ita kuwa ta tsaya tsakanin su da yaran, hannu a ƙugu, har suka gama. Wani ya zana albasa da ƙafafun mota. Wata ta zana rana sanye da igiya kamar takarkari. Aziza tana share hanci ta zana jaki kwance a inuwa, ya miƙe ƙafafu, mota ta wuce da kayansa.

Alƙalan zaɓen sun daɗe a gefen motar, takardun 'yan gari a hammatarsu. Ni dai ban ji abin da suka faɗa wa juna ba, ina nesa. Na ga Mahamud ya fito da waya yana ɗaukar hoto, ya kuma hana Tasi'u kawo bokiti.

Yanzu motocin kan bi ta gefen gonata da lodin albasa. A ƙofar kowace akwai jakin nan kwance, kunnensa ɗaya ya fi ɗaya tsawo. An ce wani a ofishin kamfanin ya so ya daidaita kunnuwan. Rahinatu ta je ofishin a Madawa a kan haka, ta yini, aka bar su yadda Aziza ta zana su.