Laimar da Auta Bai Buɗe Ba

Shagon askin ƙarami ne: kujera ɗaya mai juyawa, dogon benci a jikin bango, sai babban madubi da kusurwarsa ta tsage. Mai shagon kuwa kowa Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, domin haka ƙaninsa yake kiransa, unguwa kuma ta ɗauka.

Shi ne babba a gidansu. Mahaifinsu ya rasu yana tsakiyar karatu, ya ajiye littafi ya ɗauki almakashi. Da almakashin nan ya riƙe gida, da shi ya raini Auta, wanda aka bari yana rarrafe. In Auta ya fasa gilashin motar wani, Yaya ke zuwa ba da haƙuri. In an biyo shi da duka, Yaya ke tarewa a bakin ƙofa. Matarsa takan ce, "Kai dai an haife ka ne don a doke ka a madadin wani." Sai ya yi murmushi, ya ci gaba da wanke tsummansa.

Furfura ta fara fito masa lokacin da Auta, wanda ya girma har ya samu aikin ofis, ya kawo wani wasa na wayar hannu. Mutum huɗu ke haɗuwa, kowa da wayarsa, su shiga kogo su yaƙi dodo. Akwai Direba da Tela, 'yan zaman benci, saura mutum ɗaya.

"Yaya, zaɓi naka," in ji Auta. "Ga maharbi, ga mai jifa da wuta, ga mai tsari, ga mai garkuwa."

"Wanne ake duka?"

"Mai garkuwa. Shi ne a gaba, duk abin da dodo ya kawo a kansa yake sauka."

"To ba ni shi. Na saba."

Direba ya ɗauki baka, Tela ya ɗauki wuta, Auta ya zama mai tsari. Garkuwa tana tare kibiya, tana tare gatari, amma akwai bugu ɗaya da ba ta iya ɗauka: in dodo ya ɗaga hannu biyu. A nan sai mai tsari ya saki wani haske ya rufe na gaba, ba abin da zai ratsa. Su laima suke ce wa hasken, don kamarsu ɗaya. Duk sanda dodo ya ɗaga hannu, Auta zai ce, "Ina bayanka, Yaya," laima ta buɗe, bugu ya sauka a banza. Dokar wasan kuma mai tsanani ce: in mutuminka ya mutu, ya mutu ke nan, sai dai ka faro sabo daga tushe.

Shekaru Yaya ya yi yana rainon nasa mutumin. Ya sa masa suna Ƙyaure, ya yi wa garkuwarsa koren launi irin na ƙofar shagon. Da rana, in kasuwa ta yi sanyi, sai ya zauna a kujerar aski yana fuskantar madubi, su uku suna benci a bayansa. Bai taɓa cewa yana jin daɗi ba, amma matarsa ta lura ya fara waƙa a banɗaki. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da yake tare wa wasu duka, wani kuma yana tare masa.

Sai dai yatsa ba ya ƙarya. "Yaya, hannun nan naka sai ka ce tsohuwar babbar mota a kan tudu," in ji Direba. Tela ya ce, "A haɗa a sayo masa tabarau mai gindin kwalba." Ana dariya, shi ma yana yi. Ana nan sai Auta ya fara zuwa da wani abokin aikinsa da suke kira Injiniya. Shi ma mai garkuwa gare shi, ga hannu kamar walƙiya. Wasan kuwa ba ya ɗaukar mutum biyar. Sai Injiniya ya zauna a ƙarshen benci yana kallo, yana kaɗa ƙafa.

Ran da abin ya faru, sun kai ƙarshen kogo. Dodo ya ɗaga hannu biyu.

"Ina bayanka, Yaya," in ji Auta.

Yaya ya dafe garkuwa ya tsaya cak. Laima ba ta buɗe ba. Mai aski ba ya juya wuya don ya ga na benci, ido kawai yake ɗagawa. Ya ɗaga. A cikin madubi ya ga babban yatsan Auta a sama, bai taɓa wayar ba. Direba yana girgiza wa Auta kai a hankali. Tela ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Da Yaya ya mai da ido ƙasa, Ƙyaure yana kwance, koriyar garkuwa ta rabe biyu.

"Kash! Sabis ne ya ɗauke, Yaya, wallahi!" in ji Auta.

"Ikon Allah," in ji Direba. "To Injiniya, ko za ka riƙe mana kafin Yaya ya raini wani?"

Injiniya bai ma nemi wasan a wayarsa ba, a buɗe yake tun ɗazu.

Yaya ya ajiye wayarsa. Ya tashi ya ɗauki tsintsiya, ya share gashin da ya riga ya share.

A gida ya gaya wa matarsa. "Da sun ce min na tsufa, ai da na ba su wuri."

"Kunyarka suka ji," in ji ta.

"Kunyar faɗa suka ji. Ba su ji kunyar yi ba."

Wasan ya koma shagon Tela. Da gashin Auta ya taru, ya zo ya zauna a kujera kamar kullum. Yaya ya ɗaura masa zane a wuya, ya yi masa aski mai kyau, bai gaggauta ba.

"Yaya, ka buɗe sabo mana. Ni zan taya ka raino."

"Sunkuya."

Ya gyara masa ƙeya da reza, sannu a hankali. Sannan ya ɗauko ƙaramin madubi ya riƙe masa ta baya.

"Ka ga bayanka?"

"Na gani. Ya yi kyau."

"Haka ni ma nake ganin nawa. Duk wanda ke bencin nan, a madubi nake kallonsa."

Kunnuwan Auta suka motsa.

"Da shiru ka yi ran nan, da na ja da baya na tsira da abina," in ji Yaya. "Sai da ka ce kana bayana, sannan na tsaya."

Ya kwance zanen, ya kaɗe, ya ninke. Auta ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya.

"Yaya..."

"Sai na gaba!" in ji Yaya, yana goge kujera.

Babu kowa a benci.