Datar da Na Yi wa Oga Tattali

Har yanzu ban manta da ranar da Hajiya Ladi ta Nariya ta shigo shagonmu na Rano ta ƙi zama ba. Ku sababbin ma'aikata ku ji, don ni na jawo.

Aikinmu dai kun sani: masu 'ya'ya a ƙasashen waje ana turo musu kuɗin intanet da ake kira kirifto, mu karɓa mu ba su naira. Mai turowa sai mun ba shi adireshi, wato dogon layin haruffa mai kama da lambar akawu. Wayar shago tana da adireshi iri biyu. Na farko kuɗi na shiga za ka gani, amma duk wanda ya san adireshin zai iya dubawa a intanet ya ga nawa ya shiga da ranar. Na biyu yana ɓoye komai, sai dai wayar sai ta tace cinikin duniya kaf kafin ta gano namu. Ta sha data, ta yi zafi, batir ya mutu, mutane na zaune suna jira.

Oga Malam Nasiru ya ce na biyu za a riƙa bayarwa. Ni kuwa da nake auna madarar 'yata Ummi da cokali, ganin data tana zuba kamar famfo ya hana ni sukuni. Na koma na farko ban faɗa wa kowa ba. Sati uku ina jiran a yaba min, da ilimina na firamare.

Ɗan Hajiya ya turo mata kuɗin aikin ido, ta roƙe ni in rufe bakina. Na rufe. Amma Habu ɗan ƙaninta, shi ma yayansa ta wurinmu yake turo masa, adireshi ɗaya na ba su. Ya duba ya ga kuɗi mai kauri ranar Talata, ya kuma ga Hajiya ta sauka daga babur a ƙofarmu ranar.

"'Yar nan, wa kika faɗa wa?" in ji Hajiya.

"Wallahi Hajiya ba kowa."

"To aljani ne? Tun jiya masu gaisuwa biyar, kowa da matsalarsa. Habu ma taki yake so."

Oga ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Rabi, datar nawa kika ceto?" Na faɗa. Sai Hajiya ta ce, "Ashe araha kika sayar da ni."

Ba a kore ni ba. Amma Hajiya ba ta iya hana dangi, sai da aka ɗaga aikin idonta zuwa bayan girbi.

Abin da na koya: a wannan sana'a sirri ma kuɗi ake saye shi. In kun ji waya ta yi zafi, ku ajiye ta ta huce, ku ba mai jira ruwa. Asirin wani take rufewa.