Kwalekwalen Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale mai fenti a Tiga ya san ba ya amsa sallama sai ya rufe gwangwanayensa tukuna. Ni ɗan ƙanwarsa ne, amma ko ni na shigo sai ya shinshina kananzir ɗinsa yana kallona a kaikaice. A ganinsa duk garin jira ake ya juya baya a sirka masa kayan aiki.

Sana'arsa zane a jikin manyan motoci da bangon shaguna, sai dai ko me ka ce ya zana, ruwan dam za ka samu: ruwa kwance, busassun itatuwa sun leƙo daga ciki, ga kwalekwale ba kowa. Wani direba daga Ƙofa ya ce zaki yake so a bayan motarsa, ya dawo ya tarar da ruwa.

"Malam, ina zakin?"

"Ya sha ruwa ya tafi. Kai wa ma ya aiko ka?"

To, zargin da yake wa mutane sai suka rama. Da ya zana bangon mai shayin bakin dam, aka ce wannan ai jirgin Ɗan'azumi ne, mai fito da mutane tsallake. Magana ta bazu wai Kawu ya hango wani abu, tunda ya zana jirgi ba mai shi. Mata masu tallan nono suka gwammace su zagaya da ƙafa. Ɗan'azumi ya riƙa yini a bakin ruwa ba fasinja, gida ba cefane. Gaskiya na ji tausayinsa, na kuma ji haushin Kawu.

Rannan Ɗan'azumi ya zo ya durƙusa gaban Kawu. "Baba Sale, don Allah ka saka ni a ciki, ko ƙeyata ce."

"Ba na zanen mai rai."

"To, goge jirgin."

"Ato, so kake ka ga inda nake ɓoye farin fenti."

Sai da Kawu ya ga hawaye a idon mutumin ya ja shi gaban bangon, ya ɗora yatsa a kan wata busasshiyar tsamiya. "Nan garinmu ne kafin ruwa ya ci shi. Inna tana kwance gindin tsamiyar nan. Jirgin nawa ne, ba naka ba. Wanda ya je gaida uwarsa ai sauka yake yi." Sannan ya harare shi. "In na ji maganar nan a kasuwa, na san bakin da ta fito."

Kafin la'asar maganar ta zaga gari, jirgin Ɗan'azumi kuma ya cika. Har Kawu ya bar duniya Rediyo yake kiran Ɗan'azumi.

Muna dariya yanzu, amma ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya sada shi da Inna inda ba ruwan da zai sake shiga tsakaninsu.