Matsefatar Maman Rhoda

A Tudun Fulani, idan kare ya fara sosa kunne da ƙafar baya har yana tuntsurewa, ba a cewa a kai shi asibiti. Cewa ake yi a kira Maman Rhoda. Sunanta na baftisma Alisabatu, amma rabon da wani ya kira ta da shi tun ranar da aka binne mijinta, shi ma fasto ne ya karanto daga takarda. Ta haura shekara sittin, gajera ce mai ƙarfin hannu. Tana yawo da tsohuwar jakar Zumuntar Mata, a ciki akwai safar hannu ta roba, da auduga, da kwalba mai murfi cike da sifirit, da matsefata, ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da ake cire ƙaya da shi. Da waɗannan take raba karnukan unguwa da kaska. Ba ta da takardar shaida, kuma har yau ba kare ko ɗaya da ya nemi gani.

A Gwada aka haife ta, gidan manoman doya. Mahaifinta yana farauta da rani, yana da wani kare da yake ji da shi fiye da yadda yake ji da wasu surukansa. Wata damina, tana 'yar shekara goma sha ɗaya, aka ba ta aikin cire wa karen kaska. Ta yi yadda ta ga manya suna yi. Ta ɗauko tsinke mai wuta a baki tana ɗana wa kowace, waɗanda suka ƙi saki ta fizge su, ta murtsuke su da farce a kan dutse. Aka yaba mata. Bayan mako biyu karen ya daina cin abinci, fitsarinsa ya koma launin shayi, ya mutu a ƙarƙashin rumbu. Mahaifinta ya ce maƙwabci ne ya yi masa sammu, kuma gidajen biyu ba su sake gaisawa ba har tsofaffin suka mutu.

Sai da ta kai arba'in, tana aikin shara da wanke keji a wani asibitin dabbobi a Minna, ta ji likita yana yi wa wani mai kare bayani. Ya ce kaska tana ɗauke da ƙwayar cuta, kuma idan aka ƙona ta, ko aka zuba mata kalanzir, ko aka matse cikinta, sai ta amayar da abin da ke cikinta a jinin kare. Alisabatu ta tsaya da tsintsiya a hannu. Likita bai ce ita ta kashe karen mahaifinta ba, don bai ma san an yi shi ba. Ita ta yanke wa kanta hukunci. Da Kirsimetin shekarar ta je Gwada, ta shiga gidan maƙwabcin nan ta gaida 'ya'yansa har ƙasa, suka yi ta kallon juna.

A asibitin ta koyi aikin da ido, kuma da ta yi ritaya ta fita da shi. Tana fara wa daga kunne, ta bi wuya, ta duba hammata, da tsakanin yatsu, da ƙarƙashin jela. Idan ta sami kaska sai ta buɗe gashin, ta kama ta da matsefata daf da fata, inda baki ya shige, ta ja a miƙe a hankali, ba murɗawa, ba fizga. Ta jefa ta cikin kwalba, ta goge wurin da auduga. In ta gama ta wanke hannu da sabulu, ta sa mai gida ya yanke ciyawa ya fesa wa tsagar bango magani, domin a nan suke ƙwai. Tun da ta fara, kare bai taɓa mutuwa da zazzaɓin kaska a hannunta ba. Ba ta faɗar haka. 'Yarta Rhoda ce kawai ta san cewa wannan ne abin da take riƙe da shi, yadda wasu suke riƙe da filin gado.

Cikin masu kiran ta akwai Malam Garba kafinta, jikan waɗanda aikin jirgin ƙasa ya kawo daga Kano. Shekara huɗu da suka wuce ɓarayi suka fasa shagonsa suka ɗauke injin yankan katako, ya samo kare ya sa masa suna Sajan. Yana yawan bayyana wa mutane cewa ba karensa ba ne, karen shago ne. Bai taɓa sa masa hannu ba. Da guntun katako yake tura masa kwanon abinci, ko da yake an lura cewa abincin daga tukunyar gidansa yake fitowa, har da nama. Duk Asabar Alisabatu take duba Sajan, duk wata kuma ta ɗiga masa maganin rigakafi a bayan wuya.

Abu ɗaya ke haɗa su faɗa, shi ne Hausarta. Alisabatu ta girma da wani harshe a baki, Hausa a kasuwa ta tsince ta. Ƙofa a wurinta kofa ce, ƙarfe karfe, ƙusa kusa. Shekara ashirin Malam Garba yana gyara mata, yana nuna maƙogwaronsa, yana cewa harafin da ƙugiya yake. Amsarta ba ta canzawa: ko da kugiya ko babu, kofa yana budewa.

Wata Asabar a farkon Yuli ta buɗe kwalin maganin Sajan ta tarar babu ko ɗaya. Malam Garba ya tafi Chanchaga kai ƙofofi, ta ce za ta gaya masa Litinin. Ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci, aka kira ta cewa yayanta Josiah ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Litinin da safe tana cikin motar Gwada, kwandon wata mata a kan cinyarta, saƙon Malam Garba ya shigo. Ya yi mata jaje, sannan ya tambaya: yaya maganin Sajan, zai kare shi har ki dawo? Ta karanta rabi da rabi, mota tana girgiza, ta ga magani, ta ga kare, ta rubuta: Ya kare tun Asabar.

Ya amsa da madalla, Allah ya saka da alheri. Ta ajiye waya da zaton ya ji, zai sayo sabo, Rhoda ta zo ta ɗiga. Shi kuma ya ajiye tasa da zaton an riga an kare Sajan tun Asabar. Wayarsa ba ta da ƙugiya, shi ma duk saƙonninsa haka suke fita. Kalmar tana da fuska biyu, ya ɗauki wadda ba za ta tashe shi daga benci ba.

Mako bakwai ta yi a Gwada tana jinya, a tsakiyar damina, lokacin da kaska take yawa kamar an shuka ta. Da Josiah ya fara riƙe cokali da kansa ta dawo. Ko gida ba ta shiga ba, da la'asar, ta biya shagon, domin ba ta ji haushin Sajan da ya saba tarar ta daga kwana ba.

Sajan yana kwance a ƙarƙashin benci cikin dusar katako, bayansa baƙi ƙirin yana ƙyalli. Malam Garba ya bayyana cewa da ya ga kaska ta yi yawa, wani bakanike ya ba shi shawarar baƙin mai. Ya ɗaure ludayi a katako mai tsawo, ya zuba daga nesa. Ya faɗi wannan da muryar wanda yake jiran a yaba wa dabararsa. Kwana uku ke nan karen bai ci komai ba. Alisabatu ta sa safa, ta ɗaga leɓen Sajan, ta ga dasashinsa ya yi fari fat. Ta tambayi launin fitsarinsa. Malam Garba ya ce shi bai saba duba irin wannan ba, sannan ya ce kamar shayi ba madara.

Ta tambaye shi me ya hana shi sayo magani. Ya ciro waya ya nuna mata.

"Maman Rhoda, ke kika rubuta. Kin ce ya kare."

"E, ya kare."

"To, ai shi ne."

"Ya kare, Malam. Babu. Kwali wayam."

Malam Garba ya sake duba saƙon. Shekara ashirin yana sa mata ƙugiya a inda ba wanda ya ruɗe, rana ɗaya da aka buƙace ta bai sa ba. Ya mai da wayar aljihu.

Ba ta tsaya rabon laifi ba, don tana ganin rumbun Gwada a gabanta. Ta sa ya kawo ruwan ɗumi da sabulu, ta wanke baƙin man kafin karen ya ƙara lasa. Amma da ta taɓa kunnen, wanda kaska ta cika kamar an jera wake, Sajan ya kawo cizo. Ta ce sai an riƙe kansa. Malam Garba ya ce bari ya nemo wani Kirista a layin. Ta ce karen bai san Kirista ba, muryar mai ba shi nama ya sani. Ya dubi titi hagu da dama, ya sa safa biyu-biyu a kowane hannu, ya yi bisimilla, ya durƙusa. Da tafin hannunsa ya sauka a kan Sajan, karen ya buga jela sau ɗaya a ƙasa ya yi shiru.

Manyan ta cire su da kanta. Da aka zo ƙananan da ke can cikin kunne ta laluba jaka, ta tuna tabaraunta yana kan tagar ɗakin Josiah. Ta miƙa wa Malam Garba matsefata, ta karɓi kan karen. Ya ce bai iya ba. Ta tambaye shi sau nawa ya cire wa kansa sartse a yatsa.

"Kamar sartse ne. Kama daf da fata. Kar ka matse ciki, kar ka juya. Ja a mike."

"A miƙe," in ji shi, don sabo, sannan ya ja.

Ta farko ta fito da bakinta cikakke. Ya ɗaga ta a haske ya duba, irin duban da yake yi wa haɗin katako, ya jefa a kwalba. Ta biyar ya so ya murtsuke ta da ɗan yatsa don haushi, ta buge masa hannu, ta ce cutar ba ta tambayar kare ne ko mutum.

Mai keke napep na farko ya ƙi ɗaukar su. Na biyu ya yarda in za a riƙe karen. Malam Garba ya shimfiɗa buhu a cinya, ya ɗora Sajan, ya wuce ta gaban majalisar abokansa yana kallon gaba kamar mai rakiyar gawa. A asibitin dabbobin da ta yi aiki a da, likita ya ɗebi jini, ya ce zazzaɓin kaska ne, kuma ya yi nisa. Ya yi allura, ya sa ƙarin ruwa, ya ce a bar shi kwana biyu, bai yi alkawarin komai ba. In ya tashi, akwai ƙwayoyin da za a ba shi kullum har su ƙare, ko da an ga kamar ya warke. Malam Garba ya roƙi likita ya maimaita kalmar ƙare. Ya ciro fensirin da ke kunnensa ya rubuta a bayan kwali, ya yi wa harafin ƙugiya mai girman ta rataya nama.

Kwana biyun nan Alisabatu ba ta amsa kiran kowa ba. Ta zauna a gida tana gyaran wake da Rhoda ta riga ta gyara. Da safiyar Alhamis ta je asibitin, inda masu shara har yanzu suke ce mata Mama. Ta tarar da Sajan a tsaye, ƙafafu suna rawa, kansa cikin kwano. Ta ɗaga leɓensa, ta ga ja ya fara dawowa. Ta zauna a kan bokiti ta rubuta wa Malam Garba: Kare bai kare ba.

Bai amsa a rubuce ba. Kira ya yi, ya ce ta faɗa masa da wasu kalmomin. Ta ce yana cin abinci. Ya ce madalla, dama shago yana buƙatarsa.

An ce ya je wurin limamin unguwa da tambaya kan taɓa kare, aka ce masa ruwa da sabulu sun ishe shi. Bai yi shela ba. Yanzu duk Asabar Alisabatu tana duba jiki da yatsu, Malam Garba yana yin kunne da matsefatar da ya sa maƙeri ya ƙera masa, yana gaya wa duk mai wucewa cewa karen shago ne. Ita ma ta ɗauki rabonta na laifin. Ba ta koyi ƙugiya ba, ta ce bakinta ya tsufa. Amma idan magani ya zo ƙarshe, takan ɗauki kwalin da babu komai a ciki ta kai masa har benci, ta girgiza shi a gaban idonsa, ta ce babu.