Ƙararrawar Keken Baba

Ƙauyenmu yana gefen gulbin Gagare, tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi, kuma har na yi wayo ban ga mota ta shiga cikinsa ba. Mu hanyarmu ita ce hanyar gaɓa, wata siririyar turba da tayoyin kekuna suka daddaɓe. Tana bin bakin ruwa, ta ratsa lambunan albasa, ta kurɗa ƙarƙashin giginyu, ta ɓullo inda za ka hangi farin yashi da balbelu a kai. Har ma'aikatan Ƙaura sukan hawo kekunansu ranar Juma'a da la'asar don shan iska kawai, mu kuwa muna yi musu dariyar masu gajiyar da kansu a banza.

Hanyar tana da doka ɗaya da ba a wasa da ita. Idan damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke bayan kwana. Saboda haka duk wanda ya doshi kwana sai ya kaɗa ƙararrawa, kuma kowane magidanci da irin kaɗawarsa. Mace tana tsakar gida za ta gaya maka mijin wa ya wuce. Wanda ya ratsa shiru kuwa, kafin ya kai gida an sa masa suna.

Babana Garba ɗan koli ne, kowace Alhamis yana cin kasuwar Shinkafi a kan kekensa. Mahaifiyarsa, kakata Tumba, gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin baki, wadda ko mai unguwa ba ya son haɗa zance da ita. Da an yi magariba takan hura wuta a tsakar gida, ta ɗora ɗanyen ganyen darbejiya don korar sauro, ta tara mu. Ba ta kashe wutar nan sai Baba ya dawo. Shi kuma in ya iso kwanar kuka, wadda ke gindin bishiyar kuka dab da gidanmu, ya hango hasken, ya san gida lafiya, sai ya kaɗa tasa: ƙirin-ƙirin, ya ɗan saurara, sannan ya ja ta da tsawo. Tsakaninsu ke nan, ita da wuta, shi da ƙararrawa.

Ran da nake son ba da labarinta, Alhamis ce, gero ya fitar da kai. An yi isha'i Baba bai dawo ba. A lokacin an fara jin labarin 'yan bindiga, amma daga nesa, can wajen Zurmi, irin labarin da manya ke yankewa in yaro ya shigo. Mahaifiyata tana ɗaki da jaririya, ni da ƙanena Lawwali muna gindin wuta. Na lura tsohuwa ta juya tabarmarta ta fuskanci zaure.

"Maigida, matso nan, kai da ba ka cefane sai ci," ta ce da ni. Sannan ta buɗe da irin tata buɗewar: "Ga wata nan tahe bisa keke."

"Ta kaɗa ƙararrawa mu ji ta," muka amsa.

Wai a zamanin da, dabbobin bakin gulbi sun yi yarjejeniya, duk mai tafe a hanyar gaɓa ya sanar da zuwansa. Kura ta ari keke wurin dila, ta hau tana kaɗawa, sai ta ga tun daga nesa awaki na jin ƙara suna shigewa gero. Yunwa ta ishe ta. Sai ta sami auduga ta cusa wa ƙararrawar, ta riƙa sulalowa shiru, yau ta ɗauke ɗan akuya, gobe ta ɗauke tunkiya. Iyaye suna ta kuka, ba wanda ya san mai yi.

Nan ta kai muka ji an ƙwanƙwasa katanga. Maƙwabcinmu Ɗanjuma ne ya leƙo, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Inna Tumba, ku kashe wuta. An ga mutane bisa babura sun ƙetare mashigi, da bindigogi. Mai unguwa ya ce kowa shi kashe wuta shi yi shiru."

"Garba bai komo ba," ta ce.

"Allah shi kawo shi lahiya. Ku dai kashe."

Ban taɓa ganin an ba ta umarni ta bi ba tare da ta mayar da magana ba sai ran nan. Ta ɗauki buta ta tsiyaya a hankali, wutar ta yi cuu, duhu ya rufe mu. Ta kora mu ɗakin mahaifiyata, wadda ta manna jaririya a nono don kada ta yi kuka. Lawwali ya fara shessheƙa. Tsoro ya kama ni har na ji fitsari, kuma ba don kaina ba. Baba yana kan hanyar nan shi kaɗai, mashigin da aka ambata kuwa dole ya bi ta gefensa.

Tsohuwa ta zauna a bakin ƙofa, ta jawo taɓarya ta ajiye kan cinya, ta ci gaba da tatsuniya cikin raɗa don Lawwali ya yi shiru. Wai rannan kura ta sheƙo a guje, shiru, ashe raƙumi na tafe da lodin gishiri ta ɗaya gefen kwanar. Da ya ji ƙararrawa da ya kauce. Bai ji komai ba, sai ya ɗora mata ƙafa a ƙugu, ita da keken duka.

"Shi ya sa har yau ƙugun kura shina ƙasa," ta ce. "Ku riƙe wagga. Mai gaskiya shi ka sanar da zuwa nai. Wanda duk yat taho shiru, kura ta."

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Ƙyauren zaure ya motsa.

Ba bugu aka yi ba, turawa ake yi kaɗan-kaɗan, irin ta wanda ba ya son a ji. Babu sallama, babu gyaran murya. Mahaifiyata ta damƙe hannuna har na ji farcenta. Tsohuwa ta miƙe ba takalmi, ta bi jikin katanga ta laɓe a bakin zaure. Daga inda nake ina hango ta a ɗan hasken taurari, taɓarya a sama. Wani ƙarfe ya fara shigowa yana ɗan sheƙi, mu duka muka ɗauka bakin bindiga ne. Bayansa ga inuwar mutum a sunkuye.

Ta sauke taɓaryar da duk ƙarfinta. Na ji ƙarar ƙashi, na ji nishi, ta sake ɗagawa, wannan karon saitin kai. Sai wani abu ya faɗo ƙasa ya gangara yana ƙirin-ƙirin a kan daɓe. Ko a cikin kasuwa na san muryar ƙararrawar nan. Hannun tsohuwa ya tsaya a sama.

"Inna," aka ce daga ƙasa, "ni na."

Da aka kunna 'yar fitila a cikin ɗaki muka ji yadda aka yi. Baba ya ji ƙugin babura tun kafin mashigi, ya shige gero ya kwanta har suka wuce. Da zai tashi ya yage bakin rawaninsa ya naɗe ƙararrawar, don ko gargada na sa ta yi ƙara. Ya iso kwanar kuka bai ga wuta ba. A rayuwarsa bai taɓa isowa nan ya ga duhu ba, sai ya sakankance 'yan bindigar sun riga shi shiga gidan. Ya haɗiye sallamarsa, ya sa keken a gaba, wai in da harbi ya fara samun ƙarfe. Dukan ya karya masa tsintsiyar hannu, ya ɓalle ƙararrawar daga kan keken, tsumman ya warware.

Tsohuwa ta riƙe hannun tana kuka, tana kuma yi masa faɗa. "Kai da ƙararrawarka, ni da wutata, kowa ya ɓoye ma ɗan'uwa nai. Da na kashe ka da hannuna, Garba, mi zan ce ma Allah?" 'Yan bindigar ba su shigo mana ba a daren, shanun wani ƙauye suka kora. Mai ɗori ya ɗaure hannun, amma har yau ba ya juyuwa daidai.

Ba ta sake yi mana tatsuniyar kura da keke ba. Bayan mun baro ƙauye mun dawo Ƙaura na taɓa tsokanarta da ita, ta harare ni. "Kura ta yi shiru, wannan halinta na," ta ce. "Abin tsoro ran da ta koya ma mutanen kirki shiru." A lokacin na ɗauka faɗan tsufa ne. Yanzu da nake bin hanyar gaɓa zuwa gonarmu da damina na gane. Giginyun suna nan, balbelun suna nan, amma ba keke ɗaya mai ƙararrawa. Mukan yi kiciɓis a kwana, kowa gabansa ya faɗi, sannan mu gane juna mu gaisa cikin raɗa.

Kwanan baya na yi wa 'yata Hafsatu tatsuniyar. Da na kai ƙarshe ta waiga ta dubi kekena a jingine, ta ce, "Baba, to kai ina taka ƙararrawa?"

Na sa hannu a aljihu na fito da ita, ta babana ce, da lotsawar taɓarya a gefenta, naɗe cikin tsumma. Haka nake yawo da ita duk tsawon hanyar. Sai na shigo layinmu na hango fitilar ƙofar gida a kunne nake warwarewa in kaɗa.